Man da Na Zaɓa wa Motar Baba

Baba ba ya buɗe bonet ɗin motarsa sai da dalili mai ƙarfi. Wayar da ake ja daga cikin mota ta tsinke tun kafin ya saye ta, sai mutum ya kwanta a ƙasa ya zura filaya ya laluba, shi kuwa bayansa ba ya jure wannan kwanciyar. Fitilar mai da ke gaban sitiyari ita ma ta daɗe da mutuwa. Saboda haka ya samo tasa hanyar ta sanin lafiyar mota.

A ƙofar gidanmu a Bodinga akwai wani fili ƙarƙashin dogonyaro, inda ya sa aka zuba masa rairayi mai laushi. Aikina ne kullum bayan la'asar in share wurin, in lailaye shi da bayan tsintsiya har ya yi sumul. Idan ya dawo daga tasha sai ya ajiye motar daidai a kai. Da asuba ba ya barin masallaci sai rana ta fito. Yana dawowa zai ja motar baya kaɗan, ya fito, ya dafa gwiwa ya leƙa rairayin. Idan ya ga jiƙa mai kore-kore, ruwan lagireto ne. Idan ja ne, man sitiyari ne. Baƙin mai kuwa kullum akwai ɗigo biyu, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba. Ya san da su, yakan ce na tsufa ne. Muddin ba su ƙaru ba, sai ya yi bisimilla ya kama hanyar Shagari.

Motar ce kaɗai abin da muke da shi. Da can Baba manomin albasa ne a fadamar da ya gada. Da ciwon baya ya hana shi sunkuyon ban ruwa, sai ya sayar da fadamar ya sayi wannan motar, ruwan toka, mai dogon baya, wadda ta sha duniya kafin ta iso gare mu. Yana ɗaukar fasinja da buhunan albasa tsakanin Bodinga da Shagari, wata rana sawu uku. Kujerunta warin albasa suke yi ko an wanke su. Ni da Inna da ƙannena mata biyu, duk abin da muka ci daga jikinta ya fito.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa, sai in rubuta ta a gefen littafi in jira wata ta faɗa. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma yakan ce tsohuwarsa ma haka take, sai ta yini ba a ji muryarta ba.

Bara da bazara, wata Asabar, lokacin juye ya yi, wato a tsiyaye tsohon mai a zuba sabo. Ana ta maganar jabun mai ya cika kasuwa, Baba kuwa ajami yake karantawa, ba boko ba, sai ya ce in bi shi in duba masa abin da aka rubuta a jikin galan.

Garejin Baffa yana bayan tasha. Ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini, tare suka yi makarantar allo, shi ya sa muke ce masa Baffa. Gajere ne, da tabon ƙuna a hannun dama, da wata hula da ba a gane launinta na asali. Jikin garejin akwai shagon mai da filta, kuma a makon ne mai shagon ya sauke sabbin kaya daga Sakkwato.

Baffa ya kwanta ya buɗe bonet, ya kwance notin ƙasa, tsohon mai ya riƙa zuba cikin yankakkiyar jarka, baƙi ƙirin. Mai shago ya fito da galan uku ya jera a kan benci.

"Alhaji, yau sai ka zaɓa."

"Wane Alhaji, ni da ban taɓa wuce Gusau ba? Ba ni wanda nis saba."

"Wanda kas saba ga shi nan, ban hana ka ba. Amma diba waɗanga biyun tukuna."

Baba ya juyo gare ni. "Uwata, karanta muna."

Na karanta a hankali. Na farko 20W-50, shi ne wanda ake zuba wa motar kullum. Na biyu 10W-40, mai shago ya ce rabinsa na zamani ne. Na uku 5W-30, galan ruwan zinariya, shi kuma gaba ɗayansa na zamani ne, sintetik ake ce masa. Ya fi sauran tsada, amma mai shago ya ce ya fi su daɗewa a inji, ba ya ƙonewa da wuri, kuma yana wanke dattin da ya daskare a ciki.

Baffa ya miƙe yana goge hannu a riga. Ya sa aka buɗe samfurin kowanne, ya ɗiga a yatsa ya murza da babban yatsa, ya ɗaga yana kallon yadda yake jan zare. Da ya zo kan na ukun ya yi tsaki.

"Wanga ai ruwa na. In ba ka hwaɗa man ba, sai in ba Inna ta soya ƙosai da shi."

Akwai wani fasasshen gilashin mota jingine da bango. Ya ɗiga ukun a samansa a jere, duk muka tsaya muna kallo, har da direbobi biyu da ke jiran gyara. Na ukun ya sulale ya isa ƙasa nan da nan. Na biyun ya bi shi a baya. Na farkon kuwa ko rabi bai kai ba, yana ta jan jiki.

"Ka gani?" in ji Baffa. "Wanda yag gudu bisa gilashi, hakanan za shi gudu cikin inji."

"A'a, Oga," in ji mai shago. "Wanda yar riga isa ƙasa, shi ka riga isa ga ƙarhe da sahe, tun ƙarhe bai ci ɗan'uwanai ba."

Suna wannan musu ni idona yana kan injin. A kan baƙin murfin da ake zuba mai akwai rubutu da ƙura ta cike. Na sa gefen hijabina na goge. 5W-30 ne. Kuma a zangon karatun nan malamar kimiyya ta kawo mana zuma da ruwa da man gyaɗa a aji, ta nuna mana kaurin abu mai ruwa, har ta ba da misali da lambobin man mota. Ta ce ta farkon tana nuna yadda mai yake gudu da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa idan inji ya ɗauki zafi. Ta ce masu ƙera mota su suka fi kowa sanin abin da ya dace da ita. Na rubuta wannan a littafina har na ja masa layi.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, an rubuta a murfin."

Bai ji ba, sai da na sake. Na nuna masa lambar murfin, na nuna ta galan, na faɗi abin da malama ta faɗa, idona a ƙasa. Ɗaya daga cikin direbobin ya ce, "Kai! Ɗiyag ga injiniya ta."

Baffa bai yi fushi ba. Ya leƙa murfin ya gyaɗa kai.

"Malama ƙarama, an rubuta, ban musa ba. Amma sa'ad da anka rubuta, wagga mota budurwa ta, kuma ƙasar sanyi take. Yanzu ta tsuhwa, robobinta sun saki. Kaurin man da tas saba da dattin da ke ciki su ka toshe mata ramukka." Ya juya ga Baba. "In canji kaka so, ɗauki na tsakiyan, mu ga yadda za ta karɓe shi."

Baba ya dube shi, ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an yi masa bushara.

"Shekara goma ina tura ta makaranta, ban taɓa jin abin da tak karanto ba sai yau. Zuba wanda tac ce."

"To. Motarka ta. Amma ka riƙa diba ƙasa."

"Ni za ka koya ma diba ƙasa?"

Aka yi dariya, aka zuba. Man yana shiga fari tas, kamar man gyaɗa sabon matsa.

Kwanakin farko motar ta canza murya. Da can sai an murza makulli sau biyu ko uku, tana tari tana kakkarwa. Yanzu bugu ɗaya take tashi, ƙararta ta yi laushi, har Inna ta ce ba ta jin fitarsa. Ɗigo biyun nan suna nan a rairayi, sai dai sun yi haske. Baba ya baza labari a tasha. Idan na wuce da kayan makaranta sai 'yan kamasho su ɗaga murya, "Injiniya, a zo a duba muna tamu!" In sunne kai in ƙara sauri, amma a raina daɗi nake ji. Ya sayo mini jan biro daga Shagari, ya ce malamai da shi suke gyara kuskuren mutane.

A rana ta tara na fito buɗe wa kaji, gari ya fara haske, Baba yana masallaci. Wata kaza ta shige ƙarƙashin motar, na sunkuya in kore ta. A inda ɗigo biyu suke zama, sai na ga jiƙa kamar faɗin tafin hannuna, launin shayi marar madara. Na taɓa na shinshina. Mai ne.

Abin da ya fara zuwa mini a rai ba motar ba ce. Fuskar Baffa ce, da dariyar direbobin, da yadda Baba zai koma garejin nan ya ce ɗiyarsa ta yi kuskure. Na ce wa kaina ƙila na jikin inji ne da ya zube ranar juye yake sauka. Akwai sakaina a jikin katanga da muke ɗibar dusa da ita. Na kwanta rub da ciki, na miƙa hannu na kwashe jiƙaƙƙen rairayin, na jawo busasshe daga gefe na cike gurbin, na lailaye da tafin hannu. Na zagaya bayan garken awaki na zubar.

Baba ya dawo, ya ja motar baya, ya dafa gwiwa. Ya daɗe yana kallo. Sai na ji yana kwaɗa wa Inna kira.

"Hito ki gani! Ko ɗigo babu! Shekara huɗu motag ga tana ɗiga, yau ta bari."

Inna ta leƙo daga zaure da ludayi a hannu, ta ce, "Madalla. Sai ka ƙara ma injiniya albashi."

Ya dafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka. Ƙurar rairayin tana nan a gaban rigata, na rufe da hannu.

Washegari jiƙar ta kai faɗin murfin kwano. Na sake kwashewa. Tun da ya riga ya ga wuri fes, idan na bari ya gani yanzu zai tambayi abin da ya faru jiya. Haka na riƙa faɗa wa kaina. Kullum ina tashi da niyyar yau zan bar shi, kullum ina jin limami ya sallame sai in ɗauki sakaina. Na san Baba ba zai fito ba sai rana ta taɓa kan dogonyaro, ina da lokaci. Na koyi yin abin da sauri, har na koyi barin sawun kaza ɗaya ko biyu a kai don kada ya yi sumul da yawa.

Na kuma lura da wani abu. Idan ya tayar da ita da safe, salansa tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na ɗan lokaci, sannan ya ɓace. Shi yana gaba, ba ya gani. Ni ina baya da jakar makaranta.

Sau uku na yi yunƙurin magana. Na farko yana cin tuwo da magariba a tsakar gida, na zo na tsuguna kusa da tabarmarsa. Ya ce, "Uwata, mi na na?" Na ce ruwa na zo tambaya ko a ƙaro. Na biyu na biya ta garejin Baffa da aka tashi makaranta, na tsaya a bakin rumfa. Yana ƙarƙashin wata bas, ƙafafunsa kawai nake gani. Ya leƙo ya gan ni.

"A'a, Malama ƙarama! Ƙaƙa man naki? An ce ya hana tsohuwa hitsarin kwance."

Mutanen da ke kan benci suka fashe da dariya. Na ce lafiya lau, Baba ne ya ce in gaishe shi. Na wuce.

Na uku na tsaya bayan darasi na tambayi malamar kimiyya. Na ce idan mota ta tsufa fa, lambar murfin tana nan daram? Ta ajiye allin hannunta ta ce tambaya ce mai kyau. Lambar murfin gaskiya ce ga inji mai lafiya, kuma man na zamani ba shi da aibi. Amma idan robobin inji sun saki, mai marar kauri yana samun hanyar fita, wani kuma ya ƙone tare da fetur. Ta ce wanda ya canza irin mai a tsohuwar mota dole ya riƙa zaro sandar duba mai kullum, don abin da ke ɗiga a tsaye kaɗan ne a kan abin da ke zuba a tafe.

"Motar wa ce?"

"Ta wani maƙwabcinmu."

"To ki gaya masa yau, kada ki kwana da shi."

Ranar Laraba ce. Na yanke cewa Juma'a zan faɗa, don ranar yana dawowa da wuri, yana zama shi kaɗai a zaure yana yanke farce kafin masallaci. Har na tsara kalmomin da zan fara da su.

Ranar Alhamis na share fili bayan la'asar kamar kullum. Baba yakan danna oda sau biyu daga kan kwana don ƙannena su fito tarye. Rana ta yi ja, ba oda. Inna ta fito zaure sau biyu ta koma. Gab da magariba sai ga wata bas tana tafe a hankali, da igiya a bayanta, motarmu a ƙarshen igiyar. Baba yana zaune a sitiyari yana juya shi, amma ba ƙarar inji, sai ta tayoyi a kan tsakuwa. Ba su tsaya a gida ba, suka wuce gareji. Na bi su a guje, ko takalmi ban sa ba.

Na tarar yana ba Baffa labari. Ya ɗauko albasa da fasinja huɗu daga Shagari. Wajen Lambara ya ji wani ƙwanƙwasa a inji kamar ana buga ƙarfe da guduma. Kafin ya sami gefen titi ta yi wata ƙara ta mutu. Ya murza makulli, ko motsi.

Baffa ya buɗe bonet, ya zaro sandar duba mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ya ɗaga ta sama don kowa ya gani. A bushe take.

"Inji ya buga," in ji shi a hankali. "Ba ka ga komi ƙasa ba?"

"Wallahi ko ɗigo."

Baffa ya ɗauki tocila ya shige ƙarƙashi. Da ya fito hannunsa jage-jage da mai da ƙura.

"Cikinta duk ya jiƙe, hal baya. Wagga mota ta hi sati biyu tana zuba. Ba yadda za a yi ta kwana wuri ba ta bar shaida ba."

"Na ce ma ban gani ba."

Baffa ya dube shi ya kawar da kai. Ina tsaye a jikin ginshiƙin rumfa, taku biyar tsakanina da su. Baba ya hango ni, ya ce, "Uwata, koma gida, ba laihinki ba na. Abin da anka rubuta kin karanta."

Gyaran ya fi ƙarfinmu. Baffa ya ce ƙarfen ciki ya narke ya kama, sai dai wani injin, kuma ba mu da abin da za a sayar a saya. Motar ta zauna a bayan gareji a kan duwatsu. A tasha magana ta rabu biyu. Wasu suka ce Baba ya gani, kunya ce ta hana shi komawa wurin Baffa tun da ya ƙi shawararsa a gaban mutane. Wasu suka ce idonsa ne ya fara tafiya. Ba wanda ya sake ce mini injiniya.

Baba ya ɗauki magana ta biyun. Ya san bai yi ƙarya ba, don haka abin da ya rage masa shi ne ido. Ya riƙa rufe ɗaya da hannu yana kallon bangon maƙwabta, ya sauya ya rufe ɗayan. Ya sa ƙanwata ta tsaya a bakin zaure ta ɗaga yatsu yana faɗin nawa ne, kuma duk yana faɗa daidai, amma bai gamsu ba. Ya ce akwai irin ciwon da yake ɗauke wa mutum abin da ke gabansa ya bar masa na nesa. Ya rage cin abinci. Inna ta fara yin awara da safe tana ba ƙannena su kai ƙofar makaranta.

Bayan kamar sati uku Baffa ya zo gida da hantsi, ranar Lahadi. Ina wanke-wanke a jikin zaure, ina jin su. Wani mai bas-bas a garin yana neman direba mai hankali a layin Shagari, Baffa ya ba da sunan Baba, an ce ya zo gobe ya karɓi makulli.

"Ba ni iyawa," in ji Baba.

"Kai dai ka cika taurin kai. Shekara nawa kana bisa titin ga, ko akuya ba ka taɓa bugewa ba?"

"Wanda bai ga mai ƙasa ba, sati biyu, shina duƙe shina kallo, ƙaƙa za shi ga ɗan mutane bisa titi? In ɗauki rai goma sha huɗu in tahi da su da idon da ban yarda da shi ba? Ka yi mai godiya, shi biɗi wani."

Baffa ya yi ta lallashi, ya gaji, ya ce zai riƙe masa wurin zuwa gobe da safe, ya tafi.

Na ɗauraye hannuna. Kalmomin da na tsara tuntuni duk sun gudu. Na shiga zaure na tsaya, na ce, "Baba, zo ka ga wani abu." Ya taso yana dafe da baya. Na wuce gaba, ya biyo ni har bayan garken awaki. Tulin rairayin yana nan a jikin katanga, ya kai gwiwar ƙanwata, ya yi duhu ya dunƙule, kaji ma ba sa tona shi. Sakainar tana kife a kai.

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗebo, ya murza a yatsa, ya kai hanci.

"Idonka lafiya lau," na ce. "Ni nake kwashewa kafin ka dawo daga masallaci."

Wata akuya ta leƙo ta saman danga tana kallonmu.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka kira Inna."

"Kullum?"

"Kullum."

Na jira ya ɗaga murya, ko ya ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi mini ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya watsar da rairayin, ya goge yatsunsa a jikin katanga, ɗaya bayan ɗaya.

"Da kin hwaɗi," ya ce. "Galan guda na. Da kin hwaɗi, galan guda za mu ƙara."

Kuka ya ƙwace mini. Bai rarrashe ni ba, bai kuma tafi ba, ya tsaya har na yi shiru don kaina. Na ce zan je in gaya wa Baffa, in gaya wa mutanen tasha, su san bai yi ƙarya ba kuma idonsa ƙalau.

"Ba ki zuwa ko'ina. Ni namiji na, su yi ta hwaɗi, wata rana su gaji. Ke in sunka kama sunanki, hal gidan miji za shi bi ki. Innarki ma kak ki hwaɗa mata." Ya nuna tulin da haɓa. "Ɗauko shebur ki baza shi cikin garke."

Na baza. Washegari ya karɓi makullin bas.

Yanzu shekara ta zagayo. Gangar jikin motar an sayar wa masu kayan gyara, suka zo da babbar mota suka ɗauke ta ina makaranta. Bas ɗin da yake ja ba tasa ba ce, a gidan mai ita take kwana, don haka da ƙafa yake tafiya ya ɗauko ta, da ƙafa yake dawowa. Kujerar tana da tauri, da yamma sai Inna ta gasa masa bayan da ruwan zafi. Bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Yana yi mini magana kamar da, yana tambayar jarrabawa, amma idan takarda ta zo gida mai rubutun boko, maƙwabcinmu yake kai wa. Ban san ko yana sane yake yin haka ba, ban kuma tambaya ba.

Hanyar makarantarmu ta gaban tasha take bi. Makon jiya na wuce yana tsaye a jikin bas ana lodi, sai wani ɗan kamasho ya ɗaga murya don fasinja su ji.

"Ku shiga da addu'a, jama'a, direbanku sai da tabarau!"

Aka yi dariya, Baba ma ya yi, har da tafa wa mutumin hannu. Sannan ya hango ni a tsallaken titi na tsaya cak. Ya daina dariyar, ya yi mini alama da hannu in wuce, kada in makara.